Bayan Daren da Aka Daina Wasan Wuta

Kisimi, Filorida, 2020

Alhamis, 12 ga Maris

Fasinja biyar yau. Uku daga filin jirgi, biyu daga otal. Da daddare ina gidan mai labari ya shigo waya: Disney za su rufe. Daga daren Lahadi har ƙarshen wata. Na Kalifoniya tun jibi. Universal ma sun bi. Na karanta sau uku. Shekara goma sha ɗaya ina tuƙi a garin nan, guguwa kaɗai na ga ta rufe ƙofar nan, ita ma kwana ɗaya ko biyu. Ban gaya wa maman yara ba sai da ta gama cin abinci.

Juma'a, 13 ga Maris

Soke-soke tun asuba. Cikin iyali bakwai na mako mai zuwa, saura biyu. Shugaba Trump ya hana masu zuwa daga Turai daga daren yau. Ingila ba ta ciki, kuma 'yan Ingila su ne rabin cinikina. A masallaci sahu huɗu, ba musafaha.

Asabar, 14

An ƙara Ingila.

Lahadi, 15 ga Maris

Daren ƙarshe. Cike maƙil, kamar ba cuta a duniya. Na ajiye mota inda muke jira, na fito na jingina da ita. Wasan wuta a kan fadar Cinderella kamar kowane dare, sai dai yau duk direbobi sun fito, ba mai magana. Da ko kai ba ma ɗagawa. Agogo ne kawai a wurinmu: in an fara bugu, ka san fasinja sun kusa fitowa.

Waɗanda na ɗauka 'yan Burazil ne, mutum shida har da kaka. Tikitin kwana bakwai, biyu suka ci. Ƙaramar da kunnuwan Mickey a kai, ta yi barci kafin mu hau titi, kunne ɗaya ya lanƙwashe a jikin gilashi. Uban a gaba kusa da ni, jakar leda a cinya, duk rasit. Ya ce shekara huɗu yana tara kuɗi. Bai ƙara komai ba. Ya miƙo na goro a ƙofar gida, na mayar masa.

Litinin, 16

Titin 192 da hantsi. Daga wannan danja zuwa waccan mota goma sha ɗaya, na ƙirga. Shagunan tsaraba a buɗe, tawul da riguna a rataye, ba mai taya.

Laraba, 18 ga Maris

Sawu shida zuwa filin jirgi, duk ɗaliban da ke zuwa Disney koyon aiki. An ce su bar masauki yau. Akwatuna, filo a hammata, tukunya a leda. Wata ta cire alamar sunanta daga riga ta riƙe a hannu har muka isa. Kuɗi ya shigo, ba daɗi. Duk sawun fita ne, ina dawowa wayam.

Juma'a, 20

Otal-otal ɗin Disney sun rufe ƙarfe biyar na yamma. Inda maman yara ke gyaran ɗakuna, ba nasu ba ne, can ma an ce su zauna gida sai an neme su. Ba Juma'a. Azahar a falo, ni da yaran.

Litinin, 23 ga Maris

Hannun jarin Disney ƙasa da dala 90. Ƙarshen bara kusan 150. Ban mallaki ko ɗaya ba, amma kullum ina dubawa kamar manomi da hadari. Najeriya ta rufe filayen jirginta. Ko da wani abu ya faru can, ba hanya.

Talata, 24 ga Maris

Ba aiki, sai lissafi. Na zauna a baranda da maƙwabcina ɗan Haiti, shi a kujerarsa ni a tawa, tazara tsakani. Shekara goma sha huɗu yana dafa abinci a cikin Disney. Su 77,000 ne, ya ce, kuma babu wani wuri guda a Amurka da ya tara ma'aikata haka.

Na ɗauko littafin sawu na na yi lissafin kai ɗaya. Tikitin yini mafi araha dala 109. Iyali mai mutum huɗu sun ba da sama da ɗari huɗu kafin su sha ruwa. Tikitin kuma ƙofa ce kawai. Ciki: abinci, lemo, hoto, hula, 'yar tsana. Mafita daga lilo sau da yawa ta cikin shago take bi, yaro na gaba, uba na baya yana lalube. Sannan barci. Otal ɗinsu sun fi ashirin. Wanda ya kama ɗaki a wurinsu, motar safa ce za ta ɗauke shi kyauta daga filin jirgi, a ɗaura masa awarwaron roba a hannu, da shi zai buɗe ɗaki, da shi zai shiga fili, da shi zai biya. Mako guda bai taka wajen shinge ba, bai ga kuɗi na fita ba. Dabarar ke nan, kuma ta yi aiki: ɓangaren wuraren shaƙatawa da jiragen ruwa da kayan tsaraba ya kawo musu sama da dala biliyan 26 bara. Magic Kingdom kaɗai mutum sama da miliyan 20 a shekara.

Mu namu waɗanda suka zube a gefe ne, masu kama gidan haya a 192 don sauƙi. Mutum miliyan 75 suka shigo Orlando a 2018. Daga wannan zubin na biya haya shekara goma sha ɗaya, na yi aure, na kai Hajiya Makka.

Juma'a, 27

Ba ranar buɗewa. Sai baba ta gani. Za su biya ma'aikatansu zuwa 18 ga Afrilu. An sa dokar zaman gida a nan tun jiya.

Lahadi, 29 ga Maris

Waya da Hajiya. Ta ce, "To kai me ya haɗa ka da wurin wasan yara? Ba direba ba ne kai?" Na ce, "Hajiya, ki ɗauka an rufe Kantin Kwari. Ba masu shago kaɗai ba. Ɗan dako, mai shayi, mai adaidaita, mai masauki." Ta yi shiru. Ta ce, "Lilo ne ke ciyar da gari guda?" Na ce shi ne. Ta ce Allah Ya buɗa. Na ce amin. Ban yi maganar kuɗin wata ba, ita ma ba ta yi ba.

Litinin, 30

Manyan Disney: Bob Iger ya haƙura da albashinsa, Bob Chapek ya yanke rabin nasa. Chapek wata ɗaya da 'yan kwanaki ke nan da zama shugaban kamfanin, kuma daga ɓangaren wuraren shaƙatawa ya fito. Ya karɓi gida ƙofofi na rufewa ɗaya bayan ɗaya: Shangai da Hong Kong tun Janairu, Tokiyo ƙarshen Fabrairu. Yanzu babu ko ɗaya a buɗe a duniya.

Alhamis, 2 ga Afrilu

Hutun dole ba albashi, daga 19 ga wata. Maƙwabci bai fito baranda ba.

Talata, 7

Na wanke mota. Jiya ma na wanke. Mai ƙasa da dala biyu galan, ba inda za a je.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Ista. Makon da ya fi kowane mako ciniki bayan na Kirsimeti. Bara war haka barcin awa huɗu nake yi.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun daidaita da kamfani: mutum 43,000 za su tafi hutun dole, inshorar lafiya na nan har shekara. Maƙwabci ya ce wannan ce ta fi masa, saboda matarsa da ciwon suga. A ciki ba a ce musu ma'aikata, 'yan wasa ake ce musu, har mai wanke tukunya. Masu saye kuma baƙi. Ya ce shi da gaske yake ɗaukar abin. Ya ba ni labarin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa na Magic Kingdom, inda ake bi da abinci da shara don kada baƙo ya gani. Yana magana yana nuna kwana da hannu kamar yana ciki.

Laraba, 15

Tallafin gwamnati ya shigo. Dala 1,200 ni, 1,200 ita, 500 kowane yaro. Jimla 3,900. Haya wata biyu. Mota wata ɗaya. Inshora. Kano. Saura ɗari biyu da wani abu. Alhamdu lillahi. Na yi barci sosai.

Litinin, 20 ga Afrilu

Ƙarfe biyar na asuba ba ƙarar motar maƙwabci. Da ita nake tashi.

Bayan la'asar na kasa zama, na fita na zaga ta gefen filin Disney. Ciyawar bakin titi a aske tas. Ko a rufe wurin nan yana ci. Giwaye da raƙuman dawa na Animal Kingdom sai sun ci abinci. Lilon ƙarfe sai an duba shi. Masu gadi, wuta, ruwa. Sabbin wuraren Star Wars ba su cika shekara ba, lilon Mickey da Minnie kwana goma sha biyu kacal ya yi yana aiki. Kuɗin da aka zuba na zaune a rana.

Ka yi ta tafiya filin bai ƙare ba. Kusan eka 25,000. Fadama ce da daji lokacin da Walt Disney ya saye ta a tsakiyar shekarun 1960, da sunayen kamfanoni daban-daban don kada farashi ya tashi. Ya rasu a 1966, bai ga buɗewa ba a 1971. Jiha ta ba su hukumar kansu tun 1967, har da 'yan kwana-kwana. Gari ne sosai. Yau ko tsuntsu ka ji kukansa.

Laraba, 22

Maƙwabci da shafin neman tallafin rashin aiki. Tun asuba yake dannawa.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Ɗaya ga azumi. Tarawihi a falo, ni liman. Babban ya gyara mini aya.

Talata, 28

Kano. Labarin maƙabartu, tsofaffi na ta tafiya. Buhari ya sa kulle jiya. Na kira Hajiya sau huɗu kafin ta ɗauka. Lafiya lau, tana banɗaki ne. Malam na ƙofar gida ya rasu. Ban duba hannun jari ba yau.

Asabar, 2 ga Mayu

Wasiƙar masu bashin mota ta zo. Na sa ta a aljihun mota.

Talata, 5 ga Mayu

Disney sun fitar da lissafin wata uku. Annoba ta ci musu dala biliyan 1.4, biliyan ɗaya daga wuraren shaƙatawa. Kuma lissafin ya tsaya ne a ƙarshen Maris, mako biyu kacal na rufewar nan ke ciki. Na gaba fa? Ba za su raba wa masu hannun jari ribar rabin shekara ba, sun riƙe biliyan 1.6. Abin da ke tashi shi ne Disney+, mutum miliyan 54.5. Mu ma muna ciki, yaran na kallo tun safe. Amma fim a waya ba ya hawa motata, ba ya kwana a ɗakin da maman yara za ta gyara.

Litinin, 11 ga Mayu

Shangai ta buɗe! Na kalli hotunan har sau biyar. Takunkumi, auna zafin jiki a ƙofa, zane a ƙasa inda kowa zai tsaya. Tikitin ranar farko ya ƙare cikin mintoci. Ba za su wuce kashi 30 cikin ɗari na abin da wurin ke ɗauka ba. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabci taga na nuna masa. Ya yi dariya, karo na farko tun Afrilu.

Da dare murna ta ragu. Abin da wurin nan ke sayarwa cunkoso ne. Fareti, layi, wasan wuta da mutum dubu-dubu kafaɗa da kafaɗa. Ciyawa ɗaya, giwa ɗaya, kuɗin wuta ɗaya, ko mutum uku suka shiga ko goma. In uku ne kawai, kuma duk 'yan gari masu katin shekara da motocinsu, mu sai yaushe?

Laraba, 13

Sun ciyo bashin dala biliyan 11, bayan biliyan 6 na Maris. Masu kuɗi na rububin ba su, don sun yarda baƙi za su dawo. Na ji sanyi da wannan, su ba sa zuba kuɗi a banza. Ni kuma na kira masu bashin mota. Minti hamsin a waya. Sun ɗaga mini wata biyu.

Asabar, 16 ga Mayu

Layin abinci. Mun fita bayan sahur ni da maƙwabci, a motata. Mun iske motoci sun kai ƙarshen titi sun yi kwana. Da yawa da alamar ajiye mota ta wurin aiki a gilashi. A gabanmu wata tana ta gyara gashin 'yarta ta madubi. Awa uku. Ba a fita daga mota, ka buɗe but kawai, su sa kwali su rufe, su buga sau biyu ka wuce. Shinkafa, wake, dankali, madara, kabeji biyu, lemo. Yarinyar da ta sa mana ta yi murmushi ta cikin takunkumi, ta ce a yini lafiya. Maƙwabci ya ce ya san ta, tikiti take karɓa a ƙofa.

Ban taɓa tsayawa irin wannan layi ba. Na yi tunanin kunya za ta hana ni, ba ta hana ba. Maman yara ta yi dafa-duka da buɗa-baki. Ba wanda ya tambayi daga ina.

Laraba, 20

Disney Springs, wajen shaguna da gidajen abinci, ya fara buɗewa. Sawu ɗaya. Dala goma sha huɗu. Na farko cikin kwana sittin da uku.

Lahadi, 24 ga Mayu

Sallah. Idi a falo, sabbin kaya na bara. Hajiya ta ga yaran ta bidiyo, ta sa musu albarka ɗaya bayan ɗaya. Da yamma labari: an hana masu zuwa daga Burazil. Ɗaya rabin cinikin ke nan.

Laraba, 27 ga Mayu

An sa rana. Magic Kingdom da Animal Kingdom 11 ga Yuli. Epcot da Hollywood Studios 15. Sai ka kama gurbi tun kafin ka zo. Takunkumi dole. Ba fareti, ba wasan wuta, ba rungumar Mickey. Kwana arba'in da biyar. Na rubuta a bangon firji.

Juma'a, 5 ga Yuni

Universal sun riga su. Sawu biyu. Duk 'yan Filorida.

Talata, 9

Na fara kai abinci gida-gida. Motar mutum bakwai, kwali ɗaya a kujera. Mota na warin albasa. Dala 61 yau, ban da mai.

Juma'a, 19

An kira maƙwabci. Ya zo ya tsaya a ƙofa da wayar a hannu. Murna da tsoro duka a fuska ɗaya. In ya koma, ga matarsa. In bai koma ba, ga haya. Na ce ya yi addu'a. Ban san me zan ƙara ba.

Maman yara shiru.

Laraba, 24 ga Yuni

Masu kamuwa a Filorida na ta hauhawa, kullum adadin jiya ya zama kaɗan. Na Kalifoniya da aka ce 17 ga Yuli an ɗage, ba sabuwar rana. Na nan fa? Zuciyata biyu. Ina so a buɗe, haya ta ce a buɗe. Kuma ni ne zan rufe gilashi da baƙo a baya minti arba'in. Na sayo leda mai kauri na ɗaura tsakanin kujerar gaba da ta baya.

Alhamis, 2 ga Yuli

Ciwon kai tun jiya. Na kwana a falo.

Asabar, 4

Ya sauka. Ba komai ba ne, in sha Allahu.

Laraba, 8 ga Yuli

'Yan ƙwallon kwando na NBA sun fara sauka. A cikin filin Disney za su zauna a killace su ƙarasa kakarsu, 'yan ƙwallon ƙafa ma sun fara yau. Otal uku na NBA. Dabara ce mai kyau, ɗakunan sun samu masu kwana. Motocinsu na musamman ne, ba namu ba.

Asabar, 11 ga Yuli

An buɗe. Kwana 117.

Ƙarfe biyar na asuba ƙarar motar maƙwabci. Na tashi na leƙa ta labule har ya yi kwana.

Na wanke mota, na fesa magani, sabon takunkumi. A filin jirgi tun bakwai. Direbobi tara a wurin jira, da mukan fi ɗari. Sawu uku duk yini. Mata da miji daga Jojiya, sun ce ba layi ko kaɗan, sun hau kowane lilo kafin azahar. Matar ta ce daɗi, amma kamar an shiga gidan biki bayan an watse. An rufe tun rana ba ta faɗi ba.

Lahadi, 12

Mutum sama da 15,000 suka kamu a Filorida a lissafin yau. Ba jihar da ta taɓa kai haka a yini ɗaya. Na goge ledar sau biyu. Sawu ɗaya.

Litinin, 13

Dala 600 na mako-mako da ake ƙara wa marasa aiki zai ƙare ƙarshen wata. Ɗagin mota ma. Hajiya ta yi maganar layya, na ce muna dubawa.

Laraba, 15 ga Yuli

Epcot da Hollywood Studios sun buɗe. Hong Kong, da ta buɗe wata guda da ya wuce, yau ta sake rufewa. Maƙwabci ya ce tukunya ɗaya suke ɗorawa inda da suke ɗora biyar, rabin abokan aikinsa ba a kira su ba. Farkon Agusta kamfani zai fitar da lissafin wata ukun da aka yi a rufe.

Tara na dare, muna baranda. Ƙaramin ya tambaya ko yau za a yi bugu. Na ce ba yau ba. Ya ce gobe? Na ce je ka kwanta.

Iyali ɗaya ranar Asabar, mutum biyar daga Ohayo, jirgin ƙarfe goma da rabi. Ba su soke ba tukuna.